Fetur, dizal ko sola: yadda wani gida a fadamar Auyo ya zaɓi injin ban ruwa

Gonar da wannan nazari ya shafa hekta biyu ce, kusan eka biyar ke nan, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo a Jihar Jigawa. Tana cikin fadamar kogin Haɗejia, sai dai ba ta faɗa cikin filin da magudanan aikin noman rani na Kwarin Haɗejia suka ratsa ba, aikin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Wanda gonarsa ke cikin aikin, ƙofa ake buɗewa ruwa ya gangaro masa. Nan kuwa, duk ruwan da zai taɓa shuka a rani sai inji ya jawo shi daga rijiyar burtsatse.

'Yan'uwa uku ne ke da gonar, 'ya'yan baffana, kuma tun rasuwar mahaifinsu ba su raba ta ba. Babban, wanda dukanmu muke ce wa Yaya, shi ne kullum a gona. Na tsakiyar bakanike ne, yana gyaran babura da injinan ban ruwa a bakin kasuwa. Autan malamin firamare ne. Mahaifiyarsu ba ta zuwa gona, amma ba a kashe babban kuɗi a gidan ba da saninta ba. Da rani suna yin alkama a hekta ɗaya, daga Nuwamba zuwa Maris, shinkafa a ɗaya hektar inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, sai ɗan lambun albasa da tattasai a gefe. Injinsu irin wanda kowa ya sani ne, ƙaramin injin fetur mai bakin inci uku, wanda ake ɗaurewa a bayan babur a kai gona da safe a dawo da shi da yamma.

Abin da ya tayar da maganar

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Wannan farashin gidan mai ne. Manomin ƙauye sau da yawa ba ya kaiwa can, galan yake saye a hannun 'yan bumburutu, da nasu ƙarin a kai.

Da ni da autan muka zauna muka yi lissafin da gidan bai taɓa yi ba, domin a da ba a ga dalilin yin sa ba. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Shinkafar rani takan sha milimita 1,000 ko fiye kafin a yanke ta, lita miliyan 10 ke nan. Alkama kusan rabin haka take sha. Muka ɗauka injin yana fitar da lita 30,000 a awa daga rijiyarsu, yana shan litar fetur guda a awa. Shinkafa ta tashi a awa 330, alkama a awa 170, gaba ɗaya lita 500 ta fetur a rani guda. A naira 195, kuɗin bai kai dubu ɗari ba. A naira 540, dubu 270 ne. A naira 1,000, rabin miliyan. Gonar ba ta ƙara faɗi ba, amfanin bai ƙaru ba, ga taki da kuɗin ƙwadago su ma sun tashi.

Ranin farko bayan cire tallafi, sun bi sahun manoma da yawa na Kano da Jigawa da suka sauya kafireta suka koma tayar da inji da iskar gas ta girki. Bakaniken gidan ne ya yi aikin da hannunsa. An samu sauƙi na ɗan lokaci, amma gas ɗin ma ya bi sauran kaya ya yi tsada, ga wahalar kai tukunya Haɗejia a cika. A haka suka shiga damina suna sane cewa ba za a sake shiga wani ranin da wannan tsari ba.

Shawarar bakanike

Shi na tsakiyar dizal ya kawo. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Injin dizal ba ya buƙatar filogi, matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Wannan matsi mai ƙarfi ne ya sa yake cin moriyar mai fiye da na fetur, kuma ita kanta litar dizal ta ɗan fi ta fetur ƙarfi. A kan aiki iri ɗaya, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci ɗaya cikin uku, na litocin da za a ƙona. Yana juyawa a hankali, yana jure yini guda yana aiki, kuma in an kula da baƙin mai yakan binne injinan fetur biyu ko uku. Ya ce: "Yaya, kai ma ka sani, ƙananan injinan nan duk rani sai na sauya musu ringi. Dubi injin niƙan bakin kasuwa, tun muna yara yake bugawa."

Gaskiya ya faɗa, amma abu biyu suka kayar da shawarar. Na farko farashi. Dizal dama tun tuni ba shi da tallafi, shi ya sa ya riga fetur tashi: a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ya tashi daga wajen naira 300 ya kai 800, a farkon 2024 kuma ya wuce 1,500, sai da matatar Ɗangote ta fara sayar da nata ya sauko. A mafi yawan shekarun nan litarsa ta fi ta fetur tsada. In inji ya rage maka kashi ɗaya cikin huɗu na mai, man kuma ya fi tsada da kusan haka, to ribar ta tafi a gidan mai. Ga kuɗin sayen injin ya fi yawa, ga nauyi, ba a ɗora shi a babur, ga gurɓataccen mai da aka gauraya da kalanzir ko ruwa yana kashe nozul nan take.

Na biyun ya fi muhimmanci, kuma Yaya ne ya kawo shi, domin shi ya san rijiyarsa. Rijiyar burtsatse ta fadama tana da iyakar abin da take bayarwa. Ko da ɗan injin fetur ɗin, idan Afrilu ta yi, sai ka ji ƙarar inji ta sauya, ruwa ya riƙa fitowa daga mesa yana tsittsinkewa, da kumfa da yashi, alamar ya fara zuƙar iska. Babban inji ba zai ƙara wa rijiya ruwa ba, sai dai ya jawo yashi ya ci fanka. Dizal na wanda ke bakin kogi ne, ko ƙungiyar manoma da za su haɗa hekta goma ko ashirin su ɗora babban famfo ɗaya. A wurinsu yana da riba ta gaske. A gonar hekta biyu mai rijiya ɗaya, ƙarfi ne da babu inda za a kai shi.

Wutar Nepa ba a daɗe a kanta ba. Injin lantarki ya fi duka sauƙin kula, amma babu layin wuta a fadama, kuma ko a cikin gari ba a dasa shinkafa da fatan za a kawo wuta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Shinkafar da ta fara ɗaukar ciki ba ta jure ƙishin kwana uku a zafin bazara.

Sola, da abin da masu tallarta ba sa faɗa

Autan shi ya tsaya a kan sola, kuma ni ma ra'ayina ke nan tun farko. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan asarar da ke cikin injin fetur. Lita ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit tara na wutar lantarki. Ƙaramin inji yana mai da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai zuwa juyi, sauran zafi ne da hayaƙi. Fankar famfon ita ma ta zubar da kusan rabin abin da ya iso gare ta. Wato a cikin kowace naira goma da manomi ya ba mai gidan mai, abin da ya zama ruwa a fangali bai wuce naira ɗaya da 'yan kwabbai ba. Motar lantarki kuwa tana amfani da kashi 80 ko fiye na wutar da ta shige ta. Shi ya sa farantan sola huɗu zuwa shida masu wat 500 suke iya ɗago wajen lita 100,000 a yini daga ruwan da bai yi zurfi ba, alhali a takarda ba su kai ƙarfin injin fetur ɗin ba.

Akwai kuma maganar zurfi. Duk injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, na fetur ne ko na dizal, ba ya iya jawowa daga ƙasa da mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfinsa, domin nauyin iskar sama ne ke tura ruwan cikin bututu, kuma iyakarsa ke nan. Shi ya sa a ƙarshen rani za ka ga manomi ya haƙa rami kamar tsayin mutum a bakin rijiya, ya sauka da injin a ka, ya cika fanka da ruwan bokiti, ya ja igiya yana shaƙar hayaƙi a cikin ramin. Yaya ya yi wannan shekara da shekaru, ƙirjinsa ya shaida. Famfon sola irin wanda ake zurawa cikin rijiya, wanda masu harkar ke kira sumo, turo ruwa yake daga ƙasa, wannan iyaka ba ta shafe shi ba.

To amma mai talla zai ce maka rana kyauta ce, ya yi shiru. Ga abin da ya rage. Rijiyarsu ta da siririya ce, sumo ba ya shiga, sai an haƙa sabuwa mai faɗin bututu. Sola ba ta aikin dare, ƙarfinta na gaske awa biyar ne zuwa shida, daga hantsi zuwa la'asar, alhali manoman yankin sun saba ban ruwa da asuba ko da daddare saboda zafi. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ruwan da ke fita daga mesa yakan ragu sosai, kuma lokacin alkama ke nan. Ƙura in ta kwanta a kan faranti tana rage wuta. Zafin Afrilu ma yana ragewa, domin faranti haske yake so, ba zafi ba. Sannan shinkafa a tsakiyar bazara, idan aka haɗa abin da rana ke ƙonewa da wanda ƙasa ke tsotsewa, tana iya neman lita 100,000 zuwa 150,000 a hekta kowace rana, ban da ruwa mai yawa da ake so a lokaci guda ranar gyaran ƙasa da dashe. Solar da aka auna don alkama ba za ta riƙe wannan ba. Ga ɓarayi. Ga ƙarancin masu gyara: injin fetur kowane ƙauye akwai mai kwance shi, amma akwatin da ke sarrafa wutar sola in ya ƙone sai Haɗejia, wani lokaci sai Kano.

Babban shingen shi ne kuɗin farko. Abin da aka yanka musu na faranti da famfo da sabuwar rijiya ya yi daidai da kuɗin man rani uku, idan lita tana naira 1,000. Yaya ya ce: "Araha ba ta ado, na yarda. Amma wanda ke neman na taki yau, ina zai samo kuɗin man shekara uku a dunƙule?"

Farashin gobe

A nan gardamar ta tsaya, domin kowa da abin da yake hange. Bakaniken yana ganin tunda matatar Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, mai zai yi ta sauka. Kuma a 2025 an ga ya sauko ƙasa da naira 1,000 a gidajen mai da dama. Autan kuwa yana cewa sai dai ya yi sama.

Abin da na gaya musu shi ne su bar duba, su dubi abubuwan da ke yanke farashin. Ɗanyen mai da dala ake kimanta shi a kasuwar duniya, ko da a Legas aka tace shi, ko da da naira aka biya. Ita dalar, kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Tunda an daina daidaita farashi a faɗin ƙasa, kuɗin dakon tanka na tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Legas yana kan wuyan mai saye a Jigawa. Daga baya kuma, dokar haraji ta 2025 ta tanadi ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, wanda zai fara aiki ranar da ministan kuɗi ya ayyana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomin Auyo yake da ta cewa a kai. Mai zai iya sauka, zai iya tashi, amma komawarsa naira 195 na nufin gwamnati ta dawo da tallafin da ta ce ba ta iya ɗauka.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: in hasashenka bai yi daidai ba, wane zaɓi ne asararsa za ta ɗauku? In sun sayi sola mai ya tsaya a naira 1,000, ta mai da kuɗinta cikin shekara uku zuwa huɗu. In ya faɗo 500, sai shida zuwa takwas, a kan farantan da masu ƙera su ke ba wa garantin shekara 25, ko da yake famfon da akwatinsa ba sa kai haka, dole a ware musu kuɗin sauyi. In kuwa sun zauna a kan fetur ya ninka, gonar ce za ta tsaya a tsakiyar rani da shuka a ƙasa. Ita ma sola da dala ake shigo da ita, yawanci daga Sin, amma sau ɗaya dala za ta cije ka, ba kowane mako ba. A zamanin naira 195, lissafin nan shekara goma sha biyar yake bayarwa, kuma duk wanda ya ƙi sola a lokacin yana da gaskiya. Cire tallafi ne ya juya lissafin.

Abin da suka yi

Inna, mahaifiyarsu, ce ta raba gardamar. Ta ce a sayar da santa na kiwo, autan ya kawo kwasar adashinsa, abin da ya rage a cike bayan girbin damina. Sharaɗinta ɗaya: "Kada wanda ya sayar min da tsohon injin nan. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

Haka aka yi. Aka haƙa sabuwar rijiya, aka sa sola daidai buƙatar alkama da lambu. Shinkafa aka rage ta zuwa rabin hekta, sauran aka ƙara albasa. Injin fetur ya koma na ranar dashe, da ranakun hazo, da makonnin da zafi ya fi tsanani.

Wahalar da ta fi ba a inji take ba, a sabo take. Da fetur, Yaya yakan cika gona cikin yini ɗaya ya huta kwana biyar ko shida. Da sola, ruwan kaɗan-kaɗan yake zuwa amma kullum, dole ya raba gonar kashi-kashi, ya ƙanƙanta kowane fangali, yau nan gobe can. Kullum da sassafe yaransa suna ɗora farantan a amalanke, an shimfiɗa buhuna a tsakaninsu don kada gilashin ya tsage, a kai gona, a jingina su suna kallon kudu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin rana ta ɗaga. Da la'asar a kwashe a mai da gida. Aiki ne da babu shi a lissafinmu na farko, kuma yaron da ke yin sa ɗan makaranta ne. Wannan ya dame ni, har yanzu kuma yana damuna.

A ƙarshen ranin, fetur ɗin da suka saya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka saba ba. Wani ɓangare na wannan ragi daga rage shinkafa ya zo, ba daga sola kaɗai ba, ya kamata a faɗi haka. Sai kuma ga abin da ba wanda ya hango: a 2025 farashin shinkafa shanshera ya faɗi, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024. Maƙwabtan da suka ci bashin mai suka noma shinkafa da yawa sun sha wuya. Gidan nan bai yi ribar a zo a gani ba, amma bai fita da bashi ba. Sau ɗaya akwatin wutar ya tsaya, mai gyara ya yi kusan mako bai zo ba, tsohon injin ne ya ceci alkamar. Tun daga nan bakaniken, wanda ya fi kowa adawa, ya fara bin wani mai haɗa sola yana koyon aikin, domin ya ga inda sana'arsa ta dosa.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari bai tsaya a gida ɗaya ba. Gidan nan ya iya ne saboda akwai sa a turke da mai albashi a cikinsu. Yawancin manoman fadama ba su da ko ɗaya, su ne kuma fetur ya fi ci. Duk wani shirin tallafa wa noman rani da zai raba taki da iri ya bar manomi da galan a hannu, rabin aiki ya yi. Bashin da za a biya bayan girbi cikin shekara uku ko huɗu, da horar da bakanikan ƙauye gyaran sola, sun fi rabon injinan fetur amfani.

Yanzu maganar da ke gabansu ita ce ta saiti na biyu. Autan yana so a ƙara, a dawo da shinkafa hekta guda, har a sayar wa maƙwabta ruwa. Yaya ya ƙi, kuma ina bayansa. Ruwan ƙarƙashin fadamar nan ambaliyar kogi ce ke cika shi duk shekara, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ba ta bin tsarinta na da. Tsadar fetur, duk da zafinta, ita ce ke sa manomi ya kashe inji da ya ga gona ta sha. Mai sola ba abin da zai sa ya kashe. In kowa a fadamar ya koma haka, masu siririyar rijiya da injin zuƙo ne za su fara rasa ruwa. Sun yarda za su riƙa auna zurfin ruwan rijiyar a farkon kowane wata har rani biyu, autan yana rubutawa. In ruwan yana komawa inda yake bayan kowace damina, za a ƙara faranti. In yana ja da baya, kuɗin zai tafi wajen sayen bututun roba da zai maye gurbin magudanan ƙasa, waɗanda ke shanye ruwa mai yawa kafin ya isa ƙarshen gonar.